Yadda Ake Feɗe Salon Rubutu Mataki-Mataki, da Kalmomin da Ake Aiki da Su

Duk abin da marubuci ya faɗa, akwai wata hanyar da zai iya bi ya faɗe shi amma bai bi ba. Hanyar da ya ɗauka ita ce salonsa. Aikin mai nazari shi ne ya nuna wace hanya ce, ya kuma faɗi abin da ta jawo a ran mai karatu. Keɓaɓɓun kalmomi irin su siffantawa da dirka da gangara kayan wannan aiki ne kawai. Inda akasarin ɗalibai ke tuntuɓe shi ne su ɗauka da zarar sun ambaci sunan dabara aiki ya ƙare: "marubucin ya yi amfani da kamantawa da karin magana," sai a ɗiga aya. Kowace magana ta nazari tana bukatar abu uku: sunan dabarar, da wurin da ta fito a matani, da aikin da ta yi a wurin. In ɗaya ya faɗi, sauran biyun ba sa tsayuwa.

Ga gajerun matani biyu da za mu yi ta komawa kansu. Labari ɗaya suke bayarwa.

Na farko: "Ruwan sama ya tsaya da asuba. Mutumin ya fita daga ɗaki ya ga cewa rufin ɗakin ajiyarsa ya faɗi, kuma littattafan da ya daɗe yana tarawa sun jiƙe. Ya yi baƙin ciki ƙwarai."

Na biyu: "Da asuba ruwa ya ɗauke. Ya fito. Rufin ɗakin ajiya ya rufta, littattafai sun jiƙe sharkaf, takardu na yawo a tsakar gida kamar marayu. Ya tsaya cak. Shekara ashirin yana tara su, dare ɗaya ya cinye."

Kowa zai ce na biyu ya fi rai. Abin da ake nema a wurin mai nazari shi ne ya sa yatsa a kan dalilin.

Mataki na 1: Keɓe matani, ka karanta shi a fili

Ba a feɗe salon littafi mai shafi 200 gaba ɗaya. Ɗebo wurare uku, kowane mai kalma 200 zuwa 400: ɗaya daga farko, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga inda labari ya yi zafi. In ka ɗebo wuri ɗaya tak, kana iya ɗaukar abin da ya faru sau ɗaya a matsayin ɗabi'ar marubucin. Waƙa kuwa, in ba ta wuce baiti 30 ba, ɗauke ta duka. Sa wa kowace jimla ko kowane ɗango lamba, don ka riƙa cewa "jimla ta 3" maimakon "a wani wuri".

Karanta da murya a fili aƙalla sau biyu. Dalili shi ne rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Kalmar "fito" a rubuce tana iya zama fitowa daga ɗaki, tana iya zama busa da baki, tana iya zama ƙetarar da mutane a kogi. Ido ba ya rarrabewa, kunne ne ke yi, kuma duk wani lissafin kari ko ƙarangiya da za ka yi daga baya a kan furuci yake tsayawa.

Mataki na 2: Faɗi jigo cikin jimla ɗaya

Jigo shi ne saƙon, zubi da tsari su ne yadda aka jera sassa, salo kuma yadda aka sarrafa harshe. Rubuta jigon cikin jimla ɗaya ka ajiye a saman takarda, domin duk dabarar da ka gano da shi za ka auna ta. A matanin da ke sama jigon shi ne asarar abin da aka daɗe ana tarawa. Kada ka daɗe a nan. Wanda ya ɓata shafi biyu yana sake ba da labarin ya bar nazarin salo ya koma taƙaitawa.

Mataki na 3: Zaɓen kalmomi

Fara da nahawu kafin adon harshe. Nahawu ana iya ƙirga shi, abin da aka ƙirga kuwa ba a gardama a kansa. Ɗauki alƙaluma masu launi uku ko huɗu, ka ja layi ƙarƙashin kowane aji da launinsa: suna, aikatau, sifa da bayanau, amsa-kama.

A wajen suna, duba ko na abin da ake gani ne ana taɓawa, ko na abin da sai dai a ji a rai. Matani na farko ya kira "baƙin ciki" da sunansa. Na biyu bai ambace shi ko sau ɗaya ba: rufi, littattafai, takardu, tsakar gida, duk abubuwan da ido ke gani ne, aka bar mai karatu ya haɗa baƙin cikin da kansa. Wannan zana hoto da kalmomi shi ake kira zayyana.

Amsa-kama su ne kalmomin da furucinsu ke kwaikwayon kamar abu ko ƙararsa ko yanayinsa: sharkaf, cak, fes, wulik, tinjim. Suna da ƙarfi ƙwarai, shi ya sa yawansu ke kashe rubutu. Biyu cikin kalma 36, kamar yadda suke a matani na biyu, sun isa. In ka ga kowace jimla da tata, ka rubuta hakan a matsayin rauni, ko kuma alamar marubucin yana kwaikwayon maganar baka da gangan. Bambanci tsakanin "ƙwarai" da "sharkaf" shi ne na farko bayanau ne da zai shiga ko'ina, na biyu kuwa jiƙewa kaɗai yake bi.

Akwai ƙananan kalmomi da ake tsallakewa alhali su ne ke ɗauke da muryar marubuci. Tsigalau, wato ɗan da 'yar da 'yan, yana ƙanƙantar da abu, kuma ƙanƙantawar tana iya zama tausayi ko raini: "wani ɗan malami" ba daidai yake da "wani malami" ba. Madanganci, wato -n ko -r da ke maƙale a ƙarshen suna kamar a "mutumin", yana nuna an riga an san wanda ake magana a kai. Marubucin da ya buɗe labari da shi yana jefa mai karatu tsakiyar zance ne. Sai kalmomin nan shida: dai, fa, kam, kuwa, ma, kuma. Gwada "ya zo dai", "ya zo fa", "ya zo kam". Aiki ɗaya ne, amma na farko da ɗan ƙorafi a ciki, na biyu gargaɗi, na uku tabbatarwa. Rubutun da ya cika da su yana kusa da hira, wanda ya rasa su yana kusa da takardar ofis.

Game da aron kalmomi, ka bambance wanda ya zauna da wanda aka ɗauko yanzu. "Littafi" da "asuba" daga Larabci suka zo, amma sun daɗe da zama 'yan gida, don haka ba abin da za ka ce a kansu ta fuskar salo. Aron da ake nazari shi ne wanda yake da kishiya a harshe kuma marubuci ya tsallake ta, kamar ya ce "hubbu" inda "so" zai yi, ko ya sa wa wani tauraro Ingilishi a baki don nuna taƙama. Haka nan karin harshe: tambaya ita ce ko na marubucin ne ya zubo ko'ina, ko kuwa wani tauraro kaɗai ya ba wa.

Mataki na 4: Aikatau da lokutansa

A nan ya kamata ka fi daɗewa, domin a nan ne mafi yawan nazarce-nazarce ba sa leƙawa.

Fara da zagin aikatau, wato ɗan guntun da ke zuwa kafin aikatau yana nuna mai aiki da lokaci. A jam'i ya fi fitowa fili: sun tafi (shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya), suka tafi (shuɗaɗɗe na biyu), suna tafiya da suke tafiya (lokaci mai ci), sukan tafi (sabau), za su tafi (mai zuwa), su tafi (umarni ko fata). Wanda ke tura labari gaba shi ne "suka": suka tashi, suka shirya, suka fita. Shi kuwa "sun" tsayar da labari yake, ya nuna abin da aka tarar ya riga ya auku. Duba jimla ta 3 a matani na biyu. An ce "littattafai sun jiƙe", wato a jiƙe ya same su. Da an ce "littattafai suka jiƙe", da ma'anar ta koma bayan ya fito ne suka jiƙe a gabansa, labarin kuma ya rikice.

Matsalar ita ce a tilon namiji duka biyun "ya" ake rubutawa, bambancin yana cikin tsawon wasali ne. Maganinta gwajin jam'i: mayar da aikau, wato mai yin aikin, jam'i ka ji abin da bakinka zai faɗa. "Ya fito" a jimla ta 2 zai koma "suka fito", ke nan mataki ne a labari. "Rufin ya rufta" zai koma "rufuna sun rufta", ke nan abin da aka tarar ne. Wanda bai yi wannan gwaji ba zai rubuta cewa duk matanin lokaci ɗaya ne, alhali marubucin yana sauyawa tsakanin motsi da tsayuwa.

Daga nan sai giredi. Tun 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau gida bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti, kuma har yau da wannan kaso ake koyarwa. Ba lallai ka lissafa duka ba, huɗu ne suka fi amfani ga mai nazarin salo. Giredi na 4, mai ƙarewa da -e, yakan nuna aiki ya kai ƙarshe ba saura: saya, saye. Na 5 yana nuna rabuwa da abu ko sa wani ya yi: sayar. Na 6, mai -o, yana jawo aiki wajen mai magana: sayo. Na 7, mai -u, yana nuna aiki ya tabbata a kan abu: sayu, gyaru. Yanzu koma matani na biyu: ɗauke, jiƙe, cinye, duka uku giredi na 4 ne. Komai ya ƙare ƙurmus, kuma wasalin ƙarshe ne ya faɗi haka ba tare da an ƙara kalma ba. Sannan matani na farko ya ce "ya fita", na biyu ya ce "ya fito". Da wasali ɗaya aka sauya wurin da mai ba da labari yake tsaye: a na farko yana cikin ɗaki mutumin ya bar shi, a na biyu yana tsakar gida tare da ɓarnar, yana jiran mutumin ya zo ya gani.

Lura da ninki ma. "Ya buga ƙofa" sau ɗaya ne, "ya bubbuga ƙofa" sau da yawa, kuma gaggawa ko fushi na iya shigowa ta nan.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne wa aka ɗora wa aiki. "Direba ya fasa gilashin" ta ambaci mai laifi. "An fasa gilashin" ta yarda akwai mai laifi amma ta ɓoye shi. "Gilashin ya fashe" ta share shi gaba ɗaya, kamar ba hannun kowa. In kana nazarin rahoton jarida ko sanarwar hukuma ko jawabin siyasa, ƙirga an, aka, ana, za a, ka duba a kan waɗanne ayyuka suke faɗawa. Sau da yawa za ka tarar aikin yabo da sunan mai shi yake zuwa, na zargi kuwa da "an".

Mataki na 5: Ginin jimla

Ƙirga kalmomin kowace jimla ka jera lambobin. Matani na farko: 6, 22, 5. Na biyu: 5, 2, 17, 3, 9. Matsakaicin na farko 11, na biyu kusan 7, amma matsakaici kaɗai ba ya faɗin komai. Abin dubawa shi ne hawa da sauka, da kuma abin da aka sa a gajeriyar jimla. A na biyu, doguwar jimla tana tsakanin gajeru biyu: "Ya fito" kafinta, "Ya tsaya cak" bayanta. Ɓarnar ce ta samu faɗi, mutumin kuwa kalma biyu da uku kawai aka ba shi.

Sai nau'i. Sassauƙar jimla ganga ɗaya gare ta, wato yanki ɗaya mai ɗauke da mai aiki da aikinsa. Harɗaɗɗiya gangunanta kowace na iya tsayawa da kanta. Sarƙaƙƙiya tana da ganga dogarau, wadda ba ta tsayawa da kanta, takan fara da kalmomi irin "da", "wanda", "idan", "saboda", "ko da yake", "cewa". Jimla ta 2 a matani na farko tana da "cewa" da "kuma" da "da ya daɗe", duk mahaɗai masu bayyana dangantaka, shi ya sa take kama da rahoto. Jimla ta 3 a na biyu ganga uku ce a jere ba mahaɗi ko ɗaya, sai waƙafi, kamar yadda ido ke tsalle daga wannan ɓarna zuwa waccan.

Duba kuma abin da aka gabatar. "Littattafai sun jiƙe" bayani ne. "Littattafai ne suka jiƙe" ƙarfafawa ce: dirka, wato ne ko ce, ta ware su daga sauran kaya, ta kuma tilasta wa "sun" ya koma "suka". "Littattafan kuwa, sun jiƙe" ɗauko batu ne a ajiye sannan a yi magana a kansa. Ana yawan cakuɗa na biyu da na uku. Alamar rarrabewa ita ce zagin: in ya koma suka ko suke, ƙarfafawa ce.

In ganguna biyu suka zo da gini iri ɗaya, jerin sarƙe ke nan. "Shekara ashirin yana tara su, dare ɗaya ya cinye": kowane ɓangare ya fara da sunan lokaci da adadi, sannan aiki, amma ma'anonin kishiyoyi ne. Daidaiton ginin shi ya sa bambancin ya yi zafi. An kuma share abubuwa biyu a ciki, "ya yi" a farko da karɓau "su", wato abin da aikin ya faɗa wa, a ƙarshe, jimlar ta yanke ba zato.

Mataki na 6: Adon harshe

Sai yanzu. Kafin ka shiga, ka sani sunayen ba ɗaya suke ba a kowane littafi: wani ya ce jinsarwa wani jinsintarwa, wani alamci wani alamtarwa. Akasarin waɗanda ake koyarwa sun yaɗu ne ta ayyukan masana irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Abdullahi Bayero Yahya da Sa'idu Muhammad Gusau, akwai kuma Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Zaɓi tsari ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen aikin.

Kamantawa tana da sassa huɗu, kamar yadda malaman balaga suka kasa tashbihi: abin da aka kamanta, abin da aka kamanta shi da shi, kalmar kamantawa, da fuskar kamancen. A "takardu na yawo kamar marayu", takardu ne na farko, marayu na biyu, "kamar" ta uku. Ta huɗu ba a rubuta ta ba, kai za ka fito da ita: rashin mai kula. In ba ka faɗi ta huɗun ba, ba ka yi nazari ba tukuna. Kamance iri uku ne: na daidaito (kamar, tamkar, sai ka ce, awa), na fifiko (fi, wuce, zarce), da na kasawa (bai kai ba, ya gaza, ya kasa).

Ga tarkon da ya fi kama mutane: ba kowace "kamar" ce kamantawa ba. "Kamar ƙarfe biyar" kintace ne. "Kamar zai zo" zato ne. "Kayan rubutu kamar alƙalami da takarda" misali ne. Haka "wannan ɗaki ya fi wancan faɗi" aunawa ce ta yau da kullum, domin ɗaki da ɗaki jinsi ɗaya ne. Sai an ƙetara daga wani jinsi zuwa wani ake samun ado.

Siffantawa ita ce a ce abu shi ne wani abu kai tsaye, ba kalmar kamantawa. Takan zo da dirka ("mahaifinsa garkuwa ne"), ko da mahaɗin -n da -r ("tekun bashi"), ko ta ɓuya a cikin aikatau ("magana ta soke shi"). Ta ukun ita aka fi tsallakewa. Gwajinta: ɗauki maganar a zahirinta, in ta zama ƙarya ko abin da ba zai yiwu ba, siffantawa ce. "Mahaifinsa likita ne" ta tsallake gwajin, don haka bayani ne kawai. Kuma kada ka ba marubuci ladan abin da harshe ya riga ya mallaka. Bakin kogi, ƙafar tebur, har "baƙin ciki" kansa, duk siffantawa ne da suka daɗe har aka daina jin su.

Jinsintarwa uwa ce mai 'ya'ya uku: mutuntarwa (ba wanda ba mutum ba halin mutum), dabbantarwa (ba mutum ko abu halin dabba), abuntarwa (mayar da mai rai kamar abu marar rai). "Dare ɗaya ya cinye" a ina za ta shiga? Mutum na ci, dabba na ci. In matani bai ba da wata alama ba, kamar hannu ko magana a gefe ɗaya, ko farce da gurnani a ɗaya gefen, ka tsaya a kan jinsintarwa ka faɗi dalili. Wannan ya fi a cusa ta inda ba tabbas.

Alamtarwa ta bambanta da siffantawa ta wajen cewa abin yana nan a matsayinsa cikin labari, amma yana wakiltar wani abu. Fitilar da ke dushewa duk lokacin da rashin lafiyar wani ya tsananta fitila ce ta gaske, kuma alama ce. Sharaɗinta maimaituwa ko wata shaida daga matani. Abin da ya fito sau ɗaya ba shaida, kada ka ɗora masa nauyin da marubuci bai ɗora ba. Kinaya kuwa faɗin abu ce ta hanyar abin da ke tare da shi: "hannunsa a buɗe yake" maimakon a ce mai kyauta ne.

Sauran a gurguje. Kambamar zulaƙe zuzuta abu ce fiye da yadda hankali zai ɗauka. Baubawan burmi magana ce mai kamar tana karo da kanta alhali da gaskiya a ciki, irin "shirunta ya fi ihu ƙara", wadda kuma kamancen fifiko ce a lokaci guda, domin magana ɗaya na iya ɗaukar suna biyu. Gatse faɗin kishiyar abin da ake nufi ne, kamar a ce wa wanda bai taɓuka komai ba "sannu da ƙoƙari". Habaici suka ce ba ambaton suna, zambo kuwa muzantawa ce da ke nuna wanda ake nufi ta hanyar zuzuta aibinsa. Karin magana kada ka tsaya a lissafa su: duba wa ya faɗa, ko an kawo shi cikakke, ko an yanke shi kamar "komai nisan jifa" aka bar mai karatu ya ƙarasa, ko an murɗa shi da gangan.

Mataki na 7: Muryar mai ba da labari

Wannan na ƙagaggen labari ne. Tantance lamiri: na ɗaya (na, ni, muka) ko na uku (ya, ta, suka). Sannan ja layi ƙarƙashin duk aikatau na zuci, irin ya ji, ya tuna, ta yi tsammani, ka duba zukatan su wa ake shiga. In na kowa ne, mai ba da labarin masanin komai ne. In na tauraro ɗaya ne, a bayansa yake tsaye. In ba na kowa ba ne, kamar a matani na biyu, daga waje yake kallo. Marubucin da ya yi shafi goma a zuciyar mutum ɗaya sannan ya faɗa ta wani cikin jimla guda ba dalili, ya yi tuntuɓe, kuma ya halatta ka faɗa.

Duba yadda ake kawo magana: kai tsaye cikin alamar zance, ko rahoto da "cewa", ko da "wai". Ita "wai" janye jiki ce, mai ba da labari yana cewa ba da yawunsa ba. Sai dabarun jeri: waiwaye, labari cikin labari, zancen zuci, da jan rai, wato jinkirta abin da mai karatu ke ɗokin sani.

Mataki na 8: In waƙa ce

Ƙirga ɗangwayen kowane baiti: ƙwar biyu, ƙwar uku, ƙwar huɗu, ƙwar biyar. Kada ka kira kowace ƙwar biyar tahamisi. Tahamisi shi ne wani ya ɗauki waƙa mai ɗango biyu ya ƙara uku a kan kowane baiti. Babban amsa-amo shi ne gaɓar da ɗangon ƙarshe na kowane baiti ke ƙarewa da ita tun daga farkon waƙa har ƙarshe, ƙarami kuwa na cikin baiti ne, yana sauyawa. In ma'ana ba ta cika a ɗango ba sai ta malala cikin na gaba, gangara ce. In ta tsallaka zuwa wani baitin, saɓi-zarce ne. Ƙarangiya maimaita sauti ɗaya ko makusanta ne a kalmomin da ke jere.

Kari a kan nauyin gaɓa yake. Baƙi da gajeren wasali gaɓa ce marar nauyi (v). Baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko gaɓar da baƙi ya rufe, mai nauyi ce (–). Ma'aunan da ake amfani da su daga arulin Larabci suke, wanda Halilu ɗan Ahmad ya tsara a ƙarni na 8, ana kuma lissafa karuruwa 16. Gwada da wannan baiti:

Idan ka yi shuka ka bar damuwa,
Ka saurari sammai su kawo ruwa.

Sake rubuta shi yadda ake furtawa, kana ninka dogon wasali: i-dan-kaa / yi-shuu-kaa / ka-bar-daa / mu-waa. Za ka sami v – – sau uku, sannan v –. Ɗango na biyu haka yake: ka-sau-raa / ri-sam-mai / su-kaa-woo / ru-waa. Kowane yanki da aka raba da / shi ake kira ƙafa, wannan kari kuwa Mutaƙarab ne mai gutsurarriyar ƙafar ƙarshe, amsa-amonsa -wa. Lura gaɓar "ka" ta fito sau uku a rubuce a ɗangon farko, har da ta "shuka", biyu masu nauyi ɗaya marar nauyi. Wanda ya yanka daga rubutu bai furta ba, zai ce karin ya karye alhali lafiya lau yake.

Mataki na 9: Rubuta sakamako

Kada ka zuba duk abin da ka gano. Zaɓi uku ko huɗu da suka fi maimaituwa kuma suke hidima ga jigo. Kowanne ka yi masa gwajin musanya: cire dabarar, sa magana ta yau da kullum a gurbinta, ka faɗi abin da ya ɓace. In ba abin da ya ɓace, bar ta. Laƙabobi irin su miƙaƙƙen salo, salo mai armashi, raggon salo da tsohon salo hukunci ne, don haka a ƙarshen sakin layi suke zuwa bayan hujja.

Ga yadda sakin layi ɗaya zai kasance: "Marubucin bai ambaci baƙin ciki ba, ya bar ginin jimla ya nuna shi. Jimla ta 3 mai kalma 17 ta jero ɓarna uku ba mahaɗi, aka kewaye ta da jimloli masu kalma 2 da 3 da suka shafi mutumin, har ya zamana ɓarnar ta danne shi. Aikatau uku, ɗauke da jiƙe da cinye, duk giredi na 4 ne mai nuna ƙarewa, wanda ya dace da jigon asara. Kamancen 'kamar marayu' shi ne kaɗai kamantawa a matanin, kuma ya ɗauke tausayi daga kan mutumin ya ɗora wa takardun."

Wajen kawo hujja, ɗauko iyakar kalmomin da kake magana a kansu, ka rubuta su yadda suke a matani ko da akwai kuskuren ƙa'idar rubutu a ciki, ka sa lambar shafi ko ta baiti a gefe.